Martani: Sanyin Hunturu Ba Ya Kashe Tsutsar Kara

A makonnin nan da hunturu ya matsa, wani ɗan'uwa marubuci daga nan cikin birnin Kano ya fitar da kasida yana yi wa manoma albishir. Ya fara da abin da kowa ya gani da idonsa: hazo ya lulluɓe Goron Dutse har wanda ke gindinsa ba ya hango kansa sosai, masallata suna fitowa sallar asuba a ƙudundune cikin bargo, kowane lungu ka leƙa an hura wuta ana jin ɗumi. Daga nan ya yanke hukunci cewa sanyin da ya gagari mutum mai riga da hula ba zai bar tsutsa tsirara da rai ba, saboda haka tsutsar da ke huda karan dawa da gero tata ta ƙare a bana, damina mai zuwa shuka za ta tashi lafiya lau. Ya ƙara da cewa malaman gona da ke matsa wa mutane su ƙone kara ko su baza shi a rana, littattafan Turawa kawai suke karantowa, ba su san darajar kara a gidan talaka ba. Malam ya yi rubutunsa da kyakkyawar niyya, kuma a kan darajar kara gaskiya ya faɗa. Amma albishir ɗin nasa ba shi da tushe, kuma manomin da ya dogara da shi zai gani a rumbunsa. Sanyin Kano ba ya kashe wannan tsutsa. Ba shi ne ma ya kwantar da ita ba, kuma in an bi diddigi, taimaka mata yake yi ta kai damina.

Mai son ganin ta ba sai ya je cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ba. Ya tare ɗaya daga cikin masu amalanke da ke shigo da kara cikin gari domin masu tuyar ƙosai da masu kiwon raguna, ya sayi dami guda, ya zaɓi karan da ke da 'yar huda a gefen gaɓa, ya sa wuƙa ya tsaga shi biyu. Zai ga totuwar ta zama rami, cike da wani gari ja-ja wanda ba komai ba ne illa kashin tsutsa. In ya bi ramin a hankali, sau da yawa zai tarar da ita kwance, fara, ƙosasshiya, in ya taɓa ta ta motsa a kasalance. Wadda ke cikin dawa da masara masana suna kiran ta Busseola fusca, tsawonta kan kai santimita uku zuwa huɗu. Ta gero ta fi ƙanƙanta, ita ce Coniesta ignefusalis. Dukansu 'ya'yan malam-buɗe-littafin dare ne, irin masu ruwan ƙasa da ke zuwa wa fitila in damina ta faɗi. Uwar takan saka ƙwai a maƙale tsakanin ganye da kara, ƙananan tsutsotsi su ƙyanƙyashe su fara da cin ganye mai taushi, sannan su huda su shige ciki. In shukar ƙarama ce sai tsakiyarta ta bushe ta mutu, in ta girma sai ta yi zangarniya marar ido, ko iska ta karya ta. Cikin damina ɗaya sukan yi zuriya biyu zuwa uku. K. M. Harris, wanda ya yi aiki a Samaru, ya bayyana rayuwar waɗannan ƙwari dalla-dalla tun 1962, kuma abin da ya nuna har yau ba a rushe shi ba: zuriyar ƙarshe ba ta zama malam-buɗe-littafi a shekarar, sai ta kwanta cikin busasshen kara wata shida ko bakwai tana jiran ruwa.

Abin da Malam bai tsaya ya duba ba shi ne lokacin da wannan kwanciya ke farawa. Tsutsar ba ta jira Disamba. Tun ƙarshen Satumba zuwa Oktoba take shiga barcinta, lokacin da Kano ke cikin zafin kaka, rana tana haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, ba wanda ya ko tuna inda ya ajiye bargo. Wanda ya riga ya kwanta tun ana gumi, ba za a ce sanyi ne ya kayar da shi ba. Mai ba ta labarin cewa lokaci ya yi shi ne abincin da take ci. E. J. Usua, masanin ƙwari ɗan Nijeriya, ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa idan shuka ta tsufa, ruwan jikinta da sinadarin gina jiki suka ragu, zaƙi ya ƙaru, tsutsar da ta ci wannan totuwa sai jikinta ya dakatar da girma. A ƙasashen da ke da ƙanƙara, ƙwari da yawa suna gane ƙaratowar sanyi ne ta gajercewar yini. Mu a nan, a kan layin digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Abin da ke raba shekararmu gida biyu ruwa ne, kuma abokin gabar da tsutsarmu ta shirya wa shi ne rani, wato wata bakwai ba ɗanyen ganye.

Shirin nata kuwa ba ƙarami ba ne. Kafin ta kwanta takan cika jikinta da kitse, launinta ya kwaranye, ɗige-ɗigen baƙi da ke jikin ta gero su ɓace, ta daina ci, numfashinta ya ragu ƙwarai, ta riƙe ɗan ruwan da ke jikinta. Tamkar magidanci ne da ya cika rumbu da kaka ya toshe bakinsa, yana auna wa gida tiya-tiya domin hatsin ya kai su sabon gero. Binciken Rami Kfir a Afirka ta Kudu ya nuna cewa tsutsar dawa takan rasa kusan rabin nauyinta kafin ta farka, tana ta saɓa fata ba tare da ta ƙara girma ba. To a nan ne hunturu ke shigowa, amma a matsayin mataimaki. Ƙwaro ba shi da ɗumin jiki nasa na kansa, zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. In wuri ya yi zafi sai aikin jikinsa ya yi sauri ya cinye kitsen da wuri, in ya yi sanyi sai komai ya lafa, guzurin ya daɗe. Darare masu sanyi na Disamba da Janairu, waɗanda Malam ya ɗauka hukuncin kisa ne, su ne lokacin da tsutsar ta fi tsimin abin da ta tara. Mutum ne ke ƙona abinci domin ya riƙe digiri 37 a jikinsa, shi ya sa sanyi ke wahalar da shi. Kuskuren kasidar tun daga tushe shi ne auna jikin tsutsa da ma'aunin jikin ɗan Adam.

Sai mu zo kan lissafi. Sanyi yana kashe ƙwaro farat ɗaya ne idan ruwan jikinsa ya daskare, ƙanƙarar ta yayyaga ƙwayoyin halittarsa. Ruwa ba ya daskarewa sai a digiri sifiri, ruwan jikin ƙwari kuwa sai ya gangara ƙasa da haka. A Kano, a tsakiyar hunturu, sanyin asuba yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 14, a wasu darare ya sauka ƙasa da 10, sannan kafin azahar ya koma kusa da 30. Wannan a fili ke nan, ba cikin totuwa ba, ba kuma tsakiyar tarin kara ba inda iska ba ta ratsawa. Mai karatun tarihi zai iya kawo labarin Hugh Clapperton, wanda a ƙarshen Disamba na 1823, a kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin ƙoransu ya yi ɓawon ƙanƙara. Mu karɓi labarin yadda ya zo. Ko da an sake yin irin wannan dare a bana, ba zai canza komai ba, domin ita wannan Busseola fusca tana zaune a tsaunukan Lesoto da tuddan Afirka ta Kudu, inda raɓa ke daskarewa a gona kowace shekara tsakanin Yuni da Agusta. A can sai ta gangara gindin kara, ƙasa da fuskar ƙasa, ta kwanta, kuma duk da wannan ƙanƙarar tana cikin manyan maƙiyan masara a yankin. Tsutsar da ta saba kwana a inda ruwa ke daskarewa, digiri 12 na Goron Dutse ba zai firgita ta ba.

In aka leƙa ƙasashen sanyi na haƙiƙa, sai a ga iyakar abin da jikin tsutsa zai iya ɗauka. A ƙarshen shekarun 1950, R. W. Salt a garin Lethbridge na Kanada ya nuna cewa ƙwari da yawa suna tara gilisarin a jikinsu kafin sanyi ya sauka, wannan dai gilisarin da matanmu ke zubawa cikin man shafawa da hunturu. Yana hana ruwan jiki saurin daskarewa, kuma in ya daskare yana kare ƙwayoyin halitta daga fashewa. Wasu ƙwarin sukan zubar da duk abin da ke hanjinsu domin kada ƙanƙara ta sami abin da za ta fara kamawa, wasu kuma sukan bar ta ta taru a tsakanin ƙwayoyin halitta, su sandare ƙau, in ɗumi ya dawo su narke su ci gaba da tafiya. Akwai wata tsutsa mai gashi, Gynaephora groenlandica, a tsibirin Ellesmere da ke can ƙuryar arewacin Kanada, wadda ke shafe kimanin shekara bakwai kafin ta yi fiffike. Makonni kaɗan take kiwo a shekara, mafi yawan sauran lokacin a daskare take, kuma a ɗakin gwaji ta jure digiri 70 ƙasa da sifiri. Wadda ta fi kama da tamu ita ce tsutsar karan masara ta Turai, Ostrinia nubilalis, da aka fara gani kusa da Boston a Amurka a 1917. Ita ma cikin kara take kwana, a jihohin da dusar ƙanƙara ke rufe gona watanni. Da sanyi yana gamawa da ita, da manoman Amurka sun huta. Amma a 1927 sai da majalisar dokokinsu ta ware dala miliyan 10 domin gangamin share gonaki, ana ƙone kara, ana daddatsa shi, ana binne shi da garma. Mutanen da ke da ƙanƙara a ƙofar gida ba su bar mata aikin ba, sai mu da ke da hazo za mu bar masa?

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce maganar dattawa, cewa shekarar da aka yi hunturu mai tsanani akan sami sauƙin ƙwari. Ba a raina abin da manomi ya lura da shi shekara da shekaru, kuma ba zan raina shi ba. Sai dai hunturu ba sanyi kaɗai ba ne. Iska ce busasshiya da ke tasowa daga Sahara, ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda ke saukar da laimar iska ƙasa da kashi 20 cikin 100, ta tsattsage leɓe da diddige, ta sa kara ya bushe ƙamas har ya dare. Tsutsar da karanta ya dare, ko wadda ba ta tara isasshen kitse ba, bushewa ce ke kashe ta. Saboda haka in dattawa sun ga sauƙi bayan hunturu mai ƙarfi, idonsu bai yi ƙarya ba, amma aikin na ƙishirwa ne. Ban da wannan, tsakanin Janairu da Yuli akwai abubuwa da yawa da ke rage ta ko su bar ta: zafin bazara, gara da ke cinye karan da ya kwanta a ƙasa, tururuwa da cinnaka, shanun Fulani da ke kiwo a tushiya suna tattake ta, da yadda damina ta fara. In an yi ruwan farko sannan aka ɗauke na makonni, malam-buɗe-littafin yakan fito bai tarar da shukar da zai saka wa ƙwai ba. Duk waɗannan suna canzawa daga shekara zuwa shekara. Ɗaukar ɗaya daga cikinsu, wanda ma shi ne mafi rauni, a ɗora masa duk nasarar, ba adalci ba ne ga abin da dattawan suka gani.

Wannan bambanci tsakanin sanyi da bushewa shi ne gaba ɗayan maganar, domin shi ke nuna wa manomi abin yi. In sanyi ne makamin, ba abin da ya rage masa sai ya zauna ya jira. In zafi da bushewa ne, to makamin yana hannunsa. A watannin Maris da Afrilu zafin iska a Kano yakan kai digiri 40, fuskar ƙasa kuwa da tsakar rana takan wuce 50, kuma ba tsutsar da ke daɗewa a irin wannan. Karan da aka sare aka baza shi kwance a gona, ba a tara shi da kauri ba, rana takan gasa shi ciki da waje. Binciken da Ousmane Youm da abokan aikinsa suka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa karan geron da aka kwantar a ƙasa bayan girbi, kafin rani ya ƙare kusan duk tsutsar da ke cikinsa ta mutu. Amma me muke yi da kara? Mukan ɗaure shi dami-dami mu jingina a tsaye a jikin ɗorawa ko tsamiya, ko mu ɗora shi a reshe domin gudun awaki, ko mu yi danga da rumfa da shi, ko mu saƙa jikin rumbu mu sa masa jinka. Duk waɗannan inuwa ce, kuma a cikinsu tsutsar take tsira. Shi ya sa a Nijar aka lura cewa gonakin da ke kusa da gari, kusa da rumbuna da dangogi, su suka fi shan ɓarnar tsutsar gero. Ranar da ruwan farko ya jiƙa wannan kara, an tashe ta ke nan. Takashi Okuda ya tabbatar a Kenya cewa taɓawar ruwa ce ke warware barcin. Sai ta naɗe cikin kwansonta kamar mako biyu, ta fito da fiffike daidai lokacin da shuka ke tasowa.

A kan darajar kara, ina tare da Malam. Kara makamashi ne a garin da itace da gawayi da iskar gas suka yi tsada. Shi ne danga, shi ne rumfa, shi ne gadon kara, karmaminsa kuma abincin dabba ne a watan da ciyawa ta ƙare. Wanda ya ce wa talaka ya cinna wa wannan wuta ya tsaya kallo, bai san rani ba, kuma ba mamaki da manoma suka yi watsi da shawarar. Ƙasar ma ba ta so, domin gonar da aka share tas iska ce ke kwashe taushin samanta. Inda muka rabu shi ne cewa da ya yi maganar ta littafin Turawa ce. Masu binciken da suka ga shawarar ƙonewa ba ta dace da mu ba 'yan ƙasar nan ne, kuma a Samaru suka yi aikin. A 1980 A. A. Adesiyun da O. Ajayi na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello suka nuna cewa in aka babbaka karan dawa da zarar an yanke zangarniya, wato a bar wuta ta lashe busasshen ganyen ta wuce, zafin yakan kashe kashi 95 cikin 100 na tsutsar, karan kuma ya fito da ƙarfinsa, a yi gini ko girki da shi. Abin da aka rasa ganyen ne kawai. Mai dabbobi sai ya kasa karansa: wanda zai yi danga da rumbu ya babbaka, wanda zai ba dabba ya daddatsa ya tabbatar an cinye kafin ruwa, wanda zai bar wa gona ya kwantar da shi ya baza. Kwantarwar ma riba biyu ce, tana kashe tsutsa tana kuma tare ƙasa daga iska. Ba inda aka ce ya yi asarar dukiyarsa.

Wani zai ce me ya haɗa mazaunin Goron Dutse da wannan magana, alhali gidajen siminti sun cinye filin. Sun cinye, amma ba da daɗewa ba. Lokacin da Clapperton ya shigo Kano a Janairun 1824, da lokacin da Heinrich Barth ya zo a 1851, dukansu sun rubuta cewa babban ɓangaren abin da ganuwa ta kewaye gonaki ne, kuma yammacin birni, inda dutsen yake, yana cikin wuraren da suka daɗe a haka. Har yanzu da wuya ka sami layin da ba mai gona a ƙauye, ko mai aika wa ɗan'uwa kuɗin taki, ko mai awo a kasuwar Dawanau wanda tsadar dawa ke shafar tukunyarsa. Mutanen birni ne ke karanta irin kasidar Malam, su ne kuma ke kai ta ƙauye a baki ranar Juma'a. Bayan haka birni yana da rawar da yake takawa ba tare da ya sani ba. Duk damin da ya shigo ta ƙofar gari ya ƙare a murhun mai ƙosai ko mai dafa abincin sayarwa, tsutsarsa ta tafi ke nan. Cinikin kara zuwa birni alheri ne ga gona, muddin an ƙone shi kafin Mayu. Wanda ke da haɗari shi ne wanda aka ɓoye ana jiran ya yi tsada da damina, da sabuwar dangar da aka kafa a bakin gona ba a babbaka ba. Tsohuwar danga ta bara ba ta da laifi, mazaunanta sun riga sun tashi.

Akwai tsutsa guda da maganar Malam ta kusa yin daidai a kanta, kuma adalci ne a ambace ta. Ita ce baƙuwar tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, mai ɗigo huɗu a bayanta, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016 a kudu maso yammacin Nijeriya. Wannan ba ta san barcin rani ko na sanyi ba. A Amurka ƙanƙara takan shafe ta duk shekara a jihohin arewa, ba ta tsira sai a kudancin Florida da Texas, daga can take sake yin ƙaura in ɗumi ya dawo. Amma abin da ke kashe ta can ƙanƙara ce, mu kuwa ba mu da ita. Sanyinmu jinkirta girmanta kawai yake yi. Abin da zai iya yanke mata hanya a nan rashin ɗanyen abinci ne, shi kuma mun tanadar mata: masarar rani a Kadawa da Kura da sauran filayen da ruwan Tiga ke shayarwa, da fadamun da ke ko'ina. A kan wannan masara take hayayyafa har damina ta zo. Mai noman rani da ya karanta cewa sanyi ya gama da ƙwari, ya daina leƙa tsakiyar masararsa da safe, shi zai fara ɗanɗana kuɗar albishir ɗin, tun kafin mai jiran damina.

Ba kuma za a ce gyaran kara maganin komai ba ne. Tsutsar da ke sassaƙa kan gero a murɗe, Heliocheilus albipunctella, wadda ta addabi Sahel tun bayan farin farkon shekarun 1970, ba ta kwana a kara. Takan sauko ta shige ƙasa, ta zauna a kwanso har kusan wata guda bayan ruwan farko, inda sanyin asuba ba ya kai mata, wutar babbaka ma ba ta kai mata. Ita sai da wata dabara, irin wadda Ibrahim Baoua da abokan aikinsa suka yaɗa a yankin Maraɗi, ta sakin ɗan ƙaramin zanzaron Habrobracon hebetor daga jakunkunan algarara domin ya kashe ta a kan gero. Ko ta karan ma wasu kaɗan sukan tsira cikin manyan ciyayin daji, don haka ba a yi alkawarin shafe ta ƙurmus ba. Kuma in mutum ɗaya ya gyara nasa kara maƙwabta suka bari, mai fiffike ba ta san iyakar gona ba. Aikin na gari ne gaba ɗaya, irin wanda mai unguwa da dagaci da limami za su iya tsayawa a kai, kamar yadda a da hukuma ke sa a tuge itacen auduga a ƙone bayan tsinka domin yanke wa ƙwarinta hanya.

Lokacin babbaka na bana ya wuce ga mafi yawan manoma, tunda an daɗe da yanke dawa. Amma Fabrairu da Maris da Afrilu suna gaba, kuma su ne watannin da rana ke iya yin aikin kyauta. Duk mai kara jingine a inuwa ya sauke shi ya baza a fili, na murhu da na dabbobi a gama da shi kafin hadarin farko, wanda za a yi sabuwar danga da shi a shanya shi kwance tukuna. Malaman gona na hukumar KNARDA ta jihar Kano da masu shirin noma a gidajen rediyo su riƙa faɗar wannan tun yanzu, ba sai an yi shuka ba. Kai kuma Malam, Allah ya ƙara basira, mutane suna jin maganarka. Ka sa a kawo maka dami guda, ka tsaga kara ashirin da hannunka, sannan ka sake rubuta wa manoman da ka yi wa albishir abin da ka gani a ciki.